Darasi na 12: Alamomin Lalacewar Kuloci

Karatu

Motar da ake sauya wa giya da hannu tana da abubuwan takawa uku a gaban direba: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Aikin kuloci shi ne haɗa inji da giya, da kuma raba su. Idan direba ya taka shi, sai su rabu, ya sami damar sauya giya. A cikin kuloci akwai wani faifai da yake cinyewa a hankali saboda gogayya.

Kuloci ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan yi gargaɗi tukuna. Alama ta farko ita ce direba ya taka totur, inji ya yi ta ruri, amma mota ba ta ƙara gudu ba. An fi lura da wannan a kan hawa, ko idan an yi wa mota lodi mai nauyi. Alama ta biyu ita ce ƙauri, kamar na abin da yake ƙonewa. Ta uku, giya ta ƙi shiga, ko ta shiga da ƙara. Ta huɗu, mota ta riƙa karkarwa lokacin da za ta tashi.

Abin da yake saurin kashe kuloci shi ne ɗora ƙafa a kansa alhali mota tana tafiya. Haka kuma yawan taka shi a cunkoson motoci, irin na Legas ko Anaca, yana rage masa kwana.

Direban da ya ga waɗannan alamomi, ya kamata ya kai motarsa gareji ba da ɓata lokaci ba. Idan ya yi sakaci, tana iya tsaya masa a tsakiyar hawa da fasinjoji a ciki, kuɗin gyara kuma ya ƙaru. Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi

farat ɗaya: nan take
ruri: ƙara mai ƙarfi
ƙauri: warin ƙonewa
sakaci: rashin kula

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kuloci?
2. Kawo alamomi uku na lalacewarsa.
3. Wace ɗabi'a ce take saurin kashe kuloci?
4. Rubuta jimloli biyu da suka fara da "Idan".