Darasinmu na Yau: Lambar Shanu a Takardun Kwastan

Mu da ke Vittin a nan Tamale, da yawanmu kan sayo shanu a Fadan Gurma, mu shigo da su ta Paga, mu wuce Kumasi ko Tulaku. To, a takardar ciniki da takardar bayyana kaya akwai wata lamba da muke bar wa wakili ya cika, alhali da ita ake yanke abin da za mu biya.

Wannan lamba ta tsarin HS ce, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya ta fara aiki da shi a 1988. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Biyun farko su ne babi, kuma babi na 01 na dabbobi masu rai ne. Ga waɗanda suka shafe mu:

0102.21: shanun iri tsantsa na kiwo
0102.29: sauran shanu, wato irin namu na kasuwa
0104.10: tumaki
0104.20: awaki
0201: ɗanyen naman shanu
4101: ƙirgi

Ku lura, sa mai rai da namansa da ƙirginsa kowanne da babinsa. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙara alƙaluma huɗu suka zama goma, Ghana kuma ta fara bin wannan jadawali a 2016. Tun 2020 hukumar GRA ke karɓar bayanin kaya ta kwamfuta a tsarin ICUMS, saboda haka abin da aka shigar shi ke nan a ajiye.

Ina hatsarin? In takardar ciniki ta ce shanu da awaki, amma aka sa lamba ɗaya, ana iya tsare mota har a gyara. Kowa ya san abin da kwana ɗaya cikin rana ke yi wa dabba: ƙishirwa, rama, faɗuwar farashi.

Don haka, kowane irin dabba a ba shi layinsa da lambarsa da adadinsa. Mu sa a karanta mana kafin mu sa hannu. Mu adana kwafi domin ranar bayanin haraji. Kuma tunda Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, mu tambayi kwastan kuɗin fito tun kafin mu yi lodi.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.