Ƙirar Bindigar Toka: Ɗaure Bututu da Keɓaɓɓun Kalmominsa

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Nassarawa a Kano ya ji rugugin 'yan bindiga, ya kuma shaƙi hayaƙin albarushi. Bindigar da suke riƙewa ita ake kira bindigar toka ko adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mafarauta kuwa kan yi mata laƙabi da harba-ka-ruga, domin idan harbi ɗaya ya kuskure, dabba ba za ta jira a sake ɗuri ba.

Manyan sassanta biyu ne: bututun ƙarfe da ƙotar itace. Aikin da ya fi buƙatar natsuwar maƙeri shi ne haɗa su. Akan fafe kwari a jikin ƙotar daidai kaurin bututun, a kwantar da shi a ciki, sannan a ɗaure. Maƙeran Turai sukan liƙa 'yan kunnuwa a ƙarƙashin bututu, su huda itacen, su zura ƙusa ta ratsa kunnuwan. Namu sun fi amfani da zobban ƙarfe ko na tagulla masu zagaye bututun da itacen gaba ɗaya. Wasu kan ƙara da naɗin waya ko ɗanyar fata, wadda ke ƙara matsewa idan ta bushe. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, ƙarfin tashin albarushi na iya fizge bututun ya ji wa maharbin ciwo, sau da yawa a hannu ko a fuska.

Abin da ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne kalmomin. "Bindiga" da "albarushi" da "harsashi" duk daga Larabci aka aro su. Amma "kunne" da "zobe" da "baki" da "kunama", wato abin da ake ja a yi harbi, Hausa ce tsantsa da aka faɗaɗa wa ma'ana ta hanyar kamance. A ganina, wannan dabarar ta fi aron da muke yi yau barkatai inganci.

A lura, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko mallakarta ba tare da izinin hukuma ba. Kalmomi muke nema, ba koyon ƙira ba.

Aiki: Ɗalibi ya ziyarci wani dattijon maƙeri ko mafarauci a Gawuna ko kewayenta, ya tattaro sunayen sassan adaka goma, ya ware na aro da na asali.