Awakin Inna da allurar ɗan jaka

Shekarar 2024 ta zo wa masu dabbobi a yankin nan da daɗi da wuya. A watan Maris aka buɗe iyakar Nijar da ke rufe tun Agustan 2023, karar Maigatari ta farfaɗo, ranar Alhamis aka koma ganin shanu da raƙuma da tumakin ƙasar Damagaram, manyan motocin kudu suna lodi har dare. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, abin da muka daɗe muna fata. A ɗaya ɓangaren kuma dusa da harawa suka yi tashin gwauron zabo, sefa ta yi wa naira nisa, masu turka ragon layya da dama da ƙyar suka ga uwar kuɗinsu. Tsada da canji ba a hannunmu suke ba. Abin da ya fi ƙona mini rai a shekarar kuwa, mu muka yi wa kanmu.

Bayan an gama kaka, wata dattijuwa daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar ta turo jikanta ya kira ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Awaki goma sha ɗaya gare ta, kuma duk daga akuya guda suka yaɗu. Da su take sayen magani, da su take fita kunyar biki da suna, da su kuma ta ƙudurta yi wa jikarta kayan ɗaki bayan Ƙaramar Salla.

Ɗanta ne ya sayar da riɗinsa, ya shigo Maigatari, da yamma kasuwa na watsewa ya ga bunsuru da araha. Hancinsa na ɗan yoyo, dillali ya ce ai sanyin hunturu ne. A daren ya kai shi gida ya ɗaure a cikin garke, suka sha ruwa a kasko ɗaya. Kafin Alhamis ta zagayo, awaki uku sun daina kiwo.

Maimakon a zo ofishinmu na dabbobi, sai aka kira wani mai yawo a babur da jaka, irin waɗanda ake ce wa likita don kawai sun iya riƙe sirinji. Ya ce rigakafi zai yi. Ya bi masu ciwo da masu lafiya da allura guda, ya danna musu maganin LA ba awo, ya ƙara da maganin deksa wai don su samu ƙarfin cin abinci. Huɗu daga cikinsu tsohon ciki gare su. Deksa ga akuya mai tsohon ciki! Dukansu suka yi ɓari.

Da na isa, warin zawo ne ya tarbe ni tun daga zaure. Idanu sun manne da kwantsa, majina ta bushe ta toshe hanci, numfashi sai da baki. Na buɗe bakin wata ja, dasashi ya kwaye, fari-fari kamar an barbaɗa dusa. Cutar PPR ce ƙarara, wadda ko ɗalibin da ya zo koyon aiki zai gane daga nesa.

"Likita, ɗan nan, ai na yi musu rigakafi, har kuɗi na biya," in ji ta.

Na ce, "Inna, daga ina ya ciro kwalbar?"

"Daga aljihun rigarsa."

Maganin rigakafin da aka yi a Vom don ya zauna cikin sanyi, wanda in an haɗa shi ba ya wuce awa biyu, shi ne ya wuni a aljihu cikin rana. In ma shi ne ke nan, don ba a bar kwalbar ba balle mu duba. Ruwan banza aka sayar mata. Kuma ko na gaske ne, wa ya ce ana yi wa dabbar da ta riga ta kamu rigakafi?

Mun ware masu sauran ƙarfi, muka wanke baki da ido, muka tari ciwon huhun da ya biyo baya. Uku suka tashi. Takwas suka tafi. Biyu daga cikinsu an yi saurin sa musu wuƙa an miƙa wa mahauci, kwana biyu bayan LA, maganin da ake jira kusan mako huɗu kafin a ci naman. Wani ya saya, ya kai wa iyalinsa. Abin bai tsaya a gidan ba ma, don lokacin sakin dabbobi ne a gonaki, kuma ɗan jakar nan ya zaga maƙwabta da allurar da ya yi aiki da ita a garken Inna. Har yau ban ji an tambaye shi ba'asi ba.

Ga shawarata: dabbar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako uku, da turkenta da kaskonta. Rigakafi kafin ciwo ake yi. Wanda ya zo ba kula da ƙanƙara, ka sallame shi tun daga ƙofa. LA ba ta kashe PPR.

Ku dillalai, kun fi kowa sanin dabba marar lafiya. Ku ji tsoron Allah. La'adar da za ka ci a kan bunsuru mai majina ba ta kai hakkin garken dattijuwa ba. Masu shagon magani da ke miƙa wa kowane yaro deksa da Ivomec ba tambaya, ku ma da hannunku a ciki. Ku kuma masu dabbobi, abin da ke ba ni takaici da ku shi ne ba a tuna mu sai dabba ta kwanta ta miƙe wuya, sannan a ce likita bai iya ba. Lokacin da ake bi gari-gari ana rigakafin shanu da awaki, wasu kora garkensu daji suke yi, wai allura na hana haihuwa, amma ɗan jaka in ya zo har shimfiɗa ake yi masa. Allura guda ta kirki tana kare akuya daga PPR shekara uku. Araha da yammacin Alhamis kuma, ku yi hattara da ita. Na faɗa, ina ƙara faɗa: a ware sabuwar dabba. Masu shanu, ciwon huhu da boru ma ta wannan ƙofa suke shigowa.

Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a kawar da PPR baki ɗaya, kamar yadda aka gama da bushiya a 2011. Kasuwa irin tamu, da dabbobin ƙasa biyu ke cakuɗuwa duk mako, ita ce wurin da za a ci wannan yaƙi ko a faɗi. Tun kafin Babbar Salla ta ƙarato ake fara sayen ragunan turka. Kafin ku ɗaure ko ɗaya, ku je ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, a Gumel ne ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, ku nemi ma'aikacin da aka sani da suna da wurin zama. Masu unguwanni da limamai, don Allah ku taya mu isar da wannan ga matan cikin gida, domin yawancin awakin nan nasu ne.