Kafin Ka Danna Hoto

Yawancinmu in za mu ɗauki hoto da waya, sai mu kafa mutum a tsakiya kamar na fasfo. Shiga saitin kyamararka, ka kunna layukan nan da ke raba allo gida 9, biyu a tsaye, biyu a kwance. Ka sa idon wanda kake ɗauka inda layi ya gitta layi, ka bar fili ta wajen da yake kallo.

Sannan ka duba bayansa. Nan aka fi tafka asara: amarya ta sha kwalliya, amma ga falwaya ta tsiro mata a ka, ga bokitin wanki a gefe. Taku biyu zuwa hagu ya isa ya raba ka da su.

Rana tsaka ba ta yi wa fuska adalci, don inuwar hula takan rufe ido. Jira bayan la'asar, ko ka tsayar da mutum a zaure yana fuskantar ƙofa. Yara kuwa, durƙusa ka daidaita da tsayinsu. Kada ka jawo hoto da yatsa, dishi-dishi zai fito. Taka da ƙafarka ka matsa kusa.