Sankarar gado: a zauna da likita kafin a ɗibi jini

Yawancin ciwon sankara ba gadonsa ake yi ba. Cikin mata 100 masu sankarar nono, 5 zuwa 10 ne kawai suka gaje ta. Amma idan ta kama uwa da ƴarta, ko ya da ƙanwa tun ba su kai shekara 50 ba, likita yakan yi zaton gado ne.

A 1994 da 1995 masana suka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2. Idan ɗayansu ta sami lahani, haɗarin sankarar nono da ta ƙwan mace yana ƙaruwa. Awon jini na iya nuna lahanin.

Kafin awon, likita zai tambayi tarihin dangi, na uwa da na uba, domin namiji ma yana ɗaukar lahanin, ya ba ƴaƴansa. Mu daina ɗora wa uwa laifi. Kowane ɗa yana iya gada ko ya kuɓuta, rabi da rabi ne.

Sannan ya bayyana ma'anar sakamako. Ganin lahani ba ya nufin ciwo ya kama. Dalili ne na yawaita duba nono. Rashin ganinsa kuma bai hana sankara zuwa ta wata hanya ba.

Mafi nauyi a ganinmu shi ne sirri. Mun san yadda awon sikila yake tayar da maganar aure. Mace ta shawarta tun farko: wa za ta gaya wa, mijinta ko ƙannenta? Ta tambayi kuɗin awon. Tana kuma da ikon cewa ba ta so.