Yadda ake yasar rijiya a Kakuri da Makera

Ƙarshen rani, daga Maris zuwa farkon Afrilu, shi ne lokacin yasar rijiya a unguwannin tsallaken Kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera har Nasarawa da Sabon Tasha. Ruwa ya ja baya, bango ya bushe ba ya zubowa. Wanda ya bari damina ta kankama ya haɗa kansa da wahala, yana kwasa idon ruwa yana mayarwa. A gidajen hayar nan, inda famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, da rijiyar tsakar gida ake wanka da wanki da girki, har da sha idan 'yan ga-ruwa sun tsawwala. Da zarar guga ya fara tahowa da laka, ko an ji ɗan wari, ta nemi yasa. Ruwa ba ya tsami banza.

Mutum uku ake so: mai shiga, mai riƙe igiyarsa, da mai jan guga. Masu haƙar rijiya ne ke aikin, da yawansu 'yan ci-rani da suka gaji sana'ar. Tun da burtsatse ya yawaita samari suka daina koya, kuma abin na damuna, domin injin burtsatse ba ya shiga lungun gidan haya, talaka kuma ba shi da kuɗinsa.

Kwashe ruwan ba wani abu ba ne, da guga ko da injin ja. Sai dai injin mai amfani da fetur ana ajiye shi can nesa, inda iska za ta kore hayaƙinsa daga bakin rijiya. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, tana kashe mutum bai ankara ba.

Shiga ita ce aikin. Gwani ba ya gaggawa a nan. Tun da asuba zai sa a buɗe murfi, rijiya ta sha iska. Sannan ya durƙusa a baki ya shinshina. In ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ƙaurin fetur ko kananzir, magana ta ƙare: ba a kunna wuta, ba a shiga. In bai ji komai ba, sai ya ɗaure fitila ko kyandir a igiya ya zura a hankali, idonsa na kan harshen wutar. Ta kai ƙasa tana ci, to akwai numfashi. Ta soma lumshewa ko ta mutu a hanya, iskar ƙasa ta ɓaci. Sai a ɗaura reshe mai ganye da yawa, a yi ta zura shi ana fizgowa har iskar ta juya, a sake gwadawa. Ko fitilar ta ci, ba ta tona kowace guba, shi ya sa igiyar da ke ɗaure a ƙirjin mai shiga ba ta barin hannun na sama ko maigida ne ya kira shi. Yana sauka yana taka ramukan bango, na sama na ta jansa da magana: "Baba, lafiya a ƙasa?" Muryar ake saurare. Ta yi nauyi ko amsa ta yi jinkiri, a jawo shi, ba shawara. Kuma in ya faɗi, kada kowa ya dira ceto. A irin wannan dirar ce ake rasa mutum biyu ko uku a rijiya ɗaya.

Da ya tsaya a ƙasa, sai ka ji "Ja!" da "Saki!" kawai. Baƙar laka na fitowa da tsofaffin gugaye, leda, takalman yara, baturan tocila. Ba ya rarake ƙarƙashin kwalbati na ƙarshe, don kada ya zauna ya tsaga na samansa. Idon ruwa kuwa da hannu yake share shi, ya shimfiɗa wankakkiyar tsakuwa. Yana fitowa yana liƙe tsagar kwalbatocin sama da siminti, domin ta nan ruwan kwata ke kutsowa.

Saura kulorin. A goge bango da ruwansa, a zuba a rijiyar gwargwadon yawan ruwan. Mai faɗin mita 1 tana ɗaukar kusan lita 785 a kowace mita ta zurfin ruwa. Da wannan lissafin duba-gari zai auna maka garin kulorin. A rufe ta kwana, washegari a kwashe har warin ya kusa ɓacewa. A ɗaga baki, a dafe kewaye da siminti, a sa murfi, a rataye guga ɗaya tak.

Amma fa yasa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa, irin na kwalara da taifot, kuma na ɗan lokaci ne in shadda na kusa. Masana lafiya na son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da shadda, abin da filin gidan haya ba ya bayarwa. Abin da ya narke a ƙasa kuwa ba ya fita da guga. Kakuri unguwar masana'antu ce tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, kuma magudanan Kakuri da Makera sun shekara da shekaru suna kai dagwalon masana'antu kogi. Dalma da dangoginta ba su jin tafasa, ba su jin kulorin. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa, wanda hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 ta sabunta a 2015, bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ba, kuma bai yarda da ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a mililita 100 ba. Hana zuba dagwalo aikin hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, ne da ta jiha, KEPA.

Don haka, maigida, in rijiyarka na kusa da magudana, ko garejin makanikai, ko gidan mai, biya mai yasa haƙƙinsa cikakke, sannan ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji kafin yara su sha.