Aikin ƙarshen karatu a makarantun Amurka

Idan magini ya gama ginin soro, sai ya hau bisa ya ɗora zanko. Duk mai wucewa, in ya ga zanko, ya san gini ya ƙare. A Amurka, wasu makarantu suna da irin nasu zanko. Wani babban aiki ne da ɗalibi yake yi a shekararsa ta ƙarshe. Suna kiran wannan aiki da sunan dutsen da ake ɗorawa bisa kan gini bayan an gama komi.

A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. A Amurka kuwa, ana ƙirgawa daga aji 1 zuwa aji 12. Ƴan aji 12 suna da shekara 17 ko 18. A wannan aji ne ake yin aikin.

Yadda aikin yake

A jarrabawa, malam ne yake kawo tambaya. A nan kuwa ɗalibi ne yake zaɓen abin da zai bincika, kuma yana riƙe da shi wata da watanni. A shekarar 1986, malaman wata makaranta a garin Medford, cikin jihar Oregon, suka tsara aikin kashi 4. Makarantu da yawa sun bi tsarinsu.

Kashi na 1, rubutu ne. Ɗalibi yana karanta littattafai, yana tambayar masana, sannan ya rubuta abin da ya gano.

Kashi na 2, aikin hannu ne ko hidima ga jama'a. Ana yin sa a wajen aji, tare da wani babba wanda ya san sana'ar.

Kashi na 3, kundi ne. A ciki ɗalibi yake tara takardunsa, da hotuna, da lissafin awoyin da ya yi aiki.

Kashi na 4, bayani ne da baki. Ɗalibi yana tsayawa gaban alƙalai, malamai da mutanen gari, ya faɗi abin da ya yi da abin da ya koya. Su kuma su yi masa tambayoyi.

Shiri tun da wuri

Da safe ake kama fara. Shi ya sa wasu makarantu suke soma shiri tun ɗalibai suna aji 11. Malam yana tambayar kowa: me kake so ka sani? Wace sana'a take ba ka sha'awa? Bayan haka ɗalibi ya rubuta wasiƙa, ya bayyana aikin da ya zaɓa. Sai malamai sun yarda sannan ya soma.

Malam yana lura da abu 2. Kada aiki ya yi girman da ɗalibi zai kasa gamawa. Kada kuma ya zama abin da ya riga ya iya, domin ba zai ƙaru da komi ba. Sannan a raba aikin bisa watanni. Wanda ya bari sai watan ƙarshe, zai tsaya gaban alƙalai hannu rabbana.

Ɗanɗano kafin saye

Ga misali. Wata ɗaliba tana son zama ungozoma. Ta yi rubutu a kan abincin mai ciki, kuma ta taimaka a wani gidan haihuwa. Idan aikin ya yi mata daɗi, za ta shiga karatunsa da ƙarfin zuciya. Idan ta ga ba ta iya jure ganin jini da kwanan zaune, ta sani ke nan tun da sauran lokaci. Ko ta wace hanya ta ci riba, domin karatun jami'a a Amurka yana da tsada, har ɗalibai da yawa suna cin bashi su biya. Wanda ya shiga fannin da ba nasa ba, yana iya hasarar shekaru da kuɗi.

Amma akwai wuya. Ɗan likita yana samun mai nuna masa aiki cikin sauƙi. Yaron da iyayensa ba su san kowa ba, ko wanda yake aiki da marece don ya taimaki gida, shi sai makaranta ta nema masa. In ba haka ba, aikin zai auna halin gidansu ne, ba ƙoƙarinsa ba.

A Amurka kowace jiha tana da dokarta ta ilimi. Jihar Washinton, a arewa maso yamma, ta wajabta wannan aiki ga masu fita daga shekarar 2008. A 2014 majalisar jihar ta janye wajabcin, ta bar wa hukumomin makarantu zaɓi. Amma ba ta janye takardar shirin gaba ba. A cikin wannan takarda kowane ɗalibi yake rubuta sana'ar da yake so da karatun da zai kai shi can, kuma yana gyara ta yayin da yake girma.

Takardar shaida tana nuna ɗalibi ya gama makaranta. Aikin ƙarshe kuwa yana nuna masa, shi da kansa, abin da ya iya da inda ya dosa.

Ma'anar kalmomi

Zanko: ɗan tsinin da ake ginawa bisa kusurwar soro.
Kundi: takardu da aka tara wuri guda.
Wajabta: mai da abu tilas.

Tambayoyi

1. A wane aji ake yin aikin ƙarshen karatu?
2. Waɗanne ne kashi 4 na aikin?
3. Don me aka ce ɗalibar ta ci riba ko da ta sake shawara?
4. Wace wuya yaron da iyayensa ba su san kowa ba yake fuskanta?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a guda a garinsu. Ya ziyarci mai yin ta, ya yi masa tambaya 5, ya rubuta amsoshin cikin kaye, sannan ya yi wa aji bayani.